Yelwan Yawuri da Mulkinta: Sharhi Kan Tarihin da Ya Juya wa Kogi Baya

Garin Yelwa yana gaɓar gabas ta Kogin Kwara, daidai inda kogin yake fara buɗewa ya zama tafkin Kainji. Nan ne fadar Sarkin Yawuri, nan ne kuma hedkwatar Ƙaramar Hukumar Yawuri ta Jihar Kebbi. Duk wanda ya kwana a garin ya san da asuba ƙarar injin jirgi ce take tashe shi kafin ƙarar mota, ya kuma san kasuwar garin a bakin ruwa take cin abincinta. Amma idan mai karatu ya ɗauki abin da ake koya wa yaranmu a matsayin tarihin Yawuri, zai iya karantawa daga farko har ƙarshe bai ji ƙamshin ruwa ba, sai ka ce garin a tsakiyar tudu yake kamar Gusau ko Funtuwa. Wannan sharhi zai duba rubuce-rubucen da muke dogara da su, ya nuna inda suka yi ƙoƙari da inda suka gaza, sannan ya nuna cewa gazawar ba a takarda kawai ta tsaya ba. Ta bi mu har cikin tsarin mulkin ƙaramar hukuma.

Tarihin da muka gada

Abin da akasarin malamai suke da shi a hannu jerin sarakuna ne. Ana farawa da Tafiraulu, a gangaro ta kan zuriyar Jerabana, a zo kan Muhammadu Albishir ɗan Ayi wanda wajen 1810 ya yi mubaya'a ga masu jihadi, Yawuri ta shiga ƙarƙashin inuwar Gwandu ba tare da an tuɓe gidan sarautarta na Hausawa ba. Daga nan sai rikicin cikin gida na tsakiyar ƙarni na 19, da hare-haren Nagwamatse na Kwantagora, da barin tsohon Birnin Yawuri, da zaman da sarauta ta yi a tsibirin Ikum, har aka zauna a Yelwa wajen 1888 a zamanin Abdullahi Abarshi. Sai zuwan Turawa, sai Jibrilu, sai Aliyu, sai Abdullahi wanda ya yi mulki daga 1923 zuwa 1955, sai Muhammadu Tukur, sai Shu'aibu Yakubu Abarshi, har zuwa naɗin Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi a 1999.

Babu laifi ga jerin sarakuna. Shi ne ƙashin bayan lissafin shekaru, kuma maroƙa da masu kiɗan fada da suka adana shi sun cancanci yabo. Littafin Hogben da Kirk-Greene na 1966 kan masarautun Arewa, wanda daga cikinsa aka tsamo yawancin taƙaitattun bayanan da ke yawo a makarantu, bisa wannan turba ya tafi: wane ya hau, wane ya sauka, wane ya ci wane da yaƙi. Sai dai a duba jerin nan da kyau. Da sarauta ta shiga tsaka mai wuya, ina ta nufa? Tsibiri. Da ta tashi kafa sabon zama, ina ta zaɓa? Bakin kogi. Jerin da kansa yana faɗa mana cewa ruwa ne ganuwar Yawuri ta ƙarshe a lokacin da ganuwar ƙasa ta kasa, domin dawakin Kwantagora ba sa iyo zuwa gungu. To, wa ya tuƙa jiragen da suka tsallakar da sarki da iyalinsa? Wa ya ciyar da fada a tsibiri? Da wace yarjejeniya? Waɗannan tambayoyi na siyasa ne tsantsa, amma jerin sarakuna ba shi da gurbin da zai ajiye amsarsu.

Haka kuma lamarin kiran Yawuri ɗaya daga cikin Banza Bakwai. Yara suna haddace wannan don cin jarrabawa, su tashi da tunanin cewa ƙasarsu gefen tabarma ce. Alhali idan aka kalli taswira daga wajen kogi, Yawuri mararraba ce. Fataken da ke tafiya Gwanja sayen goro suna buƙatar mashiga a Kwara, kuma wannan yanki yana daga cikin inda suke ƙetarewa. Jiragen Nufawa suna hawowa daga kudu, Sarkawa masunta suna gangarowa daga wajen Kabi. Ba banza ba ne Mungo Park ya yada zango a Yawuri a farkon 1806 kafin ya halaka a duwatsun Busa, ba kuma banza ba ne 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka zo fadar Yawuri a 1830 suna neman takardunsa. Kamfanin Neja ma da ya kafa wurin ciniki a Yelwa a 1896 ta ruwa ya zo.

Waɗanda suka leƙa bakin ruwa

Adalci ne a faɗi cewa akwai marubutan da suka kula da mutanen kogi. P. G. Harris, jami'in mulkin mallaka, ya buga bayanai kan Yawuri a 1930, daga baya kuma ya yi rubutu kan masuntan Kabi da kan harshen Gungawa. Ya adana abubuwa da dama da yanzu ruwa ya rufe wurarensu. Matsalar irin wannan rubutu ita ce yadda yake raba aiki: fada tana da tarihi, talakawan gungu kuwa al'adu kawai suke da su. Za a ba ka labarin kokawarsu, da aurensu, da tsafinsu, kamar abubuwan da suke nan yadda suke tun fil'azal, ba a ce maka ga shekarar da suka yi jayayya da hakimi kan haraji ba, ko ga dalilin da ya sa wani gungu ya fi wani ƙarfin faɗa a ji. Gungawa kuwa, waɗanda suke kiran kansu Bareshe, harshensu kuma Tsureshe, su ne ruwayoyi da yawa suke nuna cewa an tarar a ƙasar kafin sarautar Hausawa ta kafu.

Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, Allah ya jiƙansa, ɗan ƙasar Ngaski ne, kuma shi ya ɗaga nazarin Yawuri daga matsayin labari zuwa matsayin ilimi. Kundin digirinsa na 1968 a Jami'ar Ahmadu Bello ya bi diddigin yadda gwamnatin Yawuri ta raunana a ƙarni na 19, littafinsa na 1978 kan tasirin Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma kuwa ya nuna yadda fatauci da ƙaura suka kai Hausa nesa da gida. A wurinsa muka koyi kallon Yawuri a matsayin hukuma mai tsari, mai sarautu da hanyoyin samun kuɗi, wadda Hausawa 'yan tsiraru suke shugabanta bisa Kambari da Dukawa da Shangawa da Gungawa da Lopawa. Wannan babban ci gaba ne. Abin da zan ce kawai shi ne tambayar da ya sa a gaba tambayar mulkin Hausawa ce, yadda ya kafu da yadda ya yi rauni. Wanda ya yi wannan tambaya dole daga ƙofar fada zai tsaya yana hangen kogi. Ba a yi wa malami adalci ba idan aka zarge shi da rashin amsa tambayar da bai yi ba, amma mu da muka zo bayansa ba mu da hujjar ci gaba da maimaita tambayarsa shekara hamsin da ɗoriya.

Frank Salamone, masanin halayyar al'umma daga Amurka, ya zauna a Yawuri a farkon shekarun 1970, ya rubuta yadda Gungawa suke rikiɗewa su zama Hausawa ta hanyar Musulunta da sauya harshe da sutura. Ya ga abu na gaskiya, kowa a Yelwa ya san gidajen da kakanninsu Tsureshe suke ji, jikoki kuwa ko gaisuwa ba su iya ba. A ganina dai ya ba zaɓin mutum nauyi fiye da kima. Mutumin da aka ɗauke daga tsibirin da ubansa ya noma, aka ajiye shi a tudu kusa da hanya da kasuwa da kotun alƙali, duk da Hausa ake magana a cikinsu, zaɓinsa bai da faɗi sosai.

Duk waɗannan ayyuka da Turanci aka yi su. Malamin firamare a Zamare ko Tondi, da dattijon da ke son ya ji abin da aka rubuta game da kakanninsa, sai dai su ji a bakin wani.

Darasin 1915

Idan ana son a ga abin da ke faruwa in an tsara mulkin bakin kogi daga kan tebur, babu misalin da ya kai na 1915, kuma Michael Crowder ya yi masa littafi guda a 1973 mai suna Revolt in Bussa. A lokacin Yawuri da Busa duk suna cikin Lardin Kwantagora. Turawan lardin suna son En'e mai girma, mai baitulmali ɗaya da hakimai masu albashi, irin wadda suka gani a Kano da Katsina. Sai suka tuɓe Sarkin Busa Kitoro Gani, suka sa ƙasarsa ƙarƙashin Yawuri. A Yawurin ma suka sauke Jibrilu, suka ɗora Aliyu, wanda ba ɗan gidan sarautar ba ne. Wato a shekara ɗaya an taɓa gidajen sarauta biyu da ke fuskantar juna a gaɓoɓin kogi ɗaya, aka ɗaure su da igiyar da babu wanda ya nema a cikinsu. Mutanen Busa suka yi bore ƙarƙashin Sabukki, aka kashe wasu daga cikin sababbin masu riƙe da muƙamai, sai da aka turo soja. Gyaran bai zo da sauri ba. An sauke Aliyu a 1923 aka mayar da sarauta gidanta, aka mayar da Kitoro Gani a 1924, a wannan shekara kuma aka rushe Lardin Kwantagora, Yawuri ta koma Lardin Sakkwato, Borgu ta koma Lardin Ilori.

Littafin Crowder yana da daɗin karatu, kuma ya tona yadda son rai da gaggawar jami'i ɗaya ko biyu suke iya jefa ƙasa cikin wuta. Sai dai littafin Busa ne, Yawuri a cikinsa baƙuwa ce. Shekaru takwas na mulkin Aliyu, yadda mutanen Yelwa da na gungaye suka ɗauke su, har yanzu suna jiran mai rubuta su daga wannan gaɓar. Akwai kuma abin da gyaran 1924 ya bari wanda ba a cika lura da shi ba. Daga ranar, kogi ya zama iyakar larduna biyu. Gaɓar gabas tana kai rahoto Sakkwato, ta yamma tana kaiwa Ilori. Yau ma tafkin Kainji a rabe yake tsakanin Jihar Kebbi da Jihar Neja. Ga masunci da mai fito, kogi hanya ce da ke haɗa kasuwanni da dangi. Ga mai zana taswirar mulki, layi ne da ke raba fayil da fayil.

Ruwan 1968

An fara ginin madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka rufe kogi a 1968, tafki ya cika ya kai tsawon fiye da kilomita 130. An tashi mutane kimanin 44,000 daga garuruwa da ƙauyuka da tsibirai, tsohon garin Busa da babban tsibirin Foge suka nutse, wani sashe na ƙasar Yawuri ma ya tafi. An gina wa mutane sababbin gidaje na siminti, waɗanda har yanzu ana ganinsu a ƙauyukan da aka sake tsugunarwa.

A taƙaitaccen tarihin da ake koyarwa, wannan duka jimla ɗaya ce: an gina dam a zamanin Sarki Muhammadu Tukur. Alhali babu abin da ya sauya rayuwar talakan Yawuri a ƙarni na 20 kamarsa. Kafin dam, Kwara tana cika sau biyu a shekara. Akwai cikar damina ta ruwan saman yankinmu, mai laka, sannan akwai wata cikar da take isowa cikin hunturu, ruwan da ya sauka tun a tsaunukan Gini ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali. Bisa wannan kalanda Bagunge ya gina nomansa. Ya san yaushe ruwa zai janye ya bar masa sabuwar ƙasa, ya san inda zai dasa albasa ya riƙa ɗibar ruwa da ƙwarya yana ba ta, har albasar Yawuri ta yi suna a kasuwannin kudu. Dam ya shafe wannan kalanda. Hawan ruwa da saukarsa suka koma hannun injiniyoyin da ke lissafin wutar lantarki. Wolf Roder, wanda ya bi manoman yankin tun kafin cikar tafki har shekaru bayanta, ya nuna cewa mutane sun yi dabarun zama da sabon yanayi, kuma gaskiya ne, noman bakin tafki ya samu, kifi ya yi yawa a shekarun farko, injin ban-ruwa ya yaɗu daga baya. Amma dabarar talaka ba ta wanke hukuma daga tambaya. Wa ya rubuta iyakokin gonakin da suka nutse? Dagacin da gungunsa ya tafi, a ƙasar wa aka ajiye shi, kuma wa ke sama da wani? Rigingimun filaye da na sarautun ƙauye da dama a yankin tafki daga nan tushensu yake.

Ƙaramar hukuma da ruwan da ba nata ba

A zamanin En'e, duk da zaluncin da ake tunawa da shi na haraji da aikin tilas, hukuma ɗaya ce take riƙe da kasuwa da mashiga da kotu da 'yan doka, kuma sarakunan ruwa suna da hanyar da maganarsu take kaiwa fada. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotuna daga hannun En'e. Gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi masu tsari iri ɗaya a duk Nijeriya, ya mayar da sarakuna masu ba da shawara. An ƙirƙiri Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991, kuma masarautar Yawuri a yau ƙananan hukumomi uku ce: Yawuri, da Ngaski mai hedkwata a Wara, da Shanga.

Kalmar da ya kamata a ja wa layi ita ce iri ɗaya. Tsarin da aka yanka wa Yelwa shi aka yanka wa garin da ko rafi ba shi da shi. Sassan ofis ɗaya ne: mulki, kuɗi, ayyuka, gona, lafiya, ilimi. Sashen ayyuka ya san kwalbati da rijiya da gyaran hanya. Matsayar jirgi, da alamar da za ta nuna wa matuƙi inda kututturen itacen da tafki ya rufe yake, da jirgin ɗaukar mai naƙuda daga tunga zuwa asibiti, ba su da uba a tsarin.

Malamai su buɗe Tsarin Mulkin 1999 su nuna wa ɗalibai wannan abin mamaki. Zirga-zirgar jirage a Kogin Kwara da rassansa tana cikin jerin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai take da iko a kansu, kuma hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lakwaja, ita ke riƙe da wannan aiki. Kamun kifi a koguna da tafkuna an cire shi daga jerin Tarayya, saboda haka na jiha ne. Jadawali na huɗu kuwa, wanda ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, ya ba ta ikon ba da lasisin kwalekwale, a layi ɗaya da keke da baro da amalanke, ya kuma ba ta kasuwanni da tashoshin mota. Ke nan jirgi ɗaya da ya taso daga wata tunga da buhunan busasshen kifi da fasinja, hanyar da yake bi ta Tarayya ce, kifin da ke cikinsa na jiha ne, kasuwar da zai sauke kaya ta ƙaramar hukuma ce, kuma watakila gaɓar da ya taso ta wata jihar ce daban. Masu karɓar kuɗin shiga kowa ya san rabonsa. Ranar da jirgi ya kife ne ake rasa mai shi.

Ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgin katako da ya ɗauko mutane fiye da 150 tsakanin Jihar Neja da Jihar Kebbi ya nutse kusa da Wara, waɗanda aka ceto da rai kaɗan ne. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Bayanin da aka yi shi ne wanda aka saba yi: lodi ya yi yawa, jirgi ya tsufa, babu rigunan hana nutsewa. Duk gaskiya ne. Amma lodi a gaɓa ake yinsa, a gaban jama'a, da rana tsaka. Hukumar da ta fi kusa da gaɓar ita ce ƙaramar hukuma, ita ce kuma wadda ba ta da ma'aikaci ko ɗaya da aikinsa shi ne ya ƙirga kawuna ya ce ya isa. Mutanen da suka san kowane matuƙi da kowane jirgi, wato Sarkin Ruwa da shugabannin masu fito, doka ba ta ba su wani matsayi a majalisar ƙaramar hukuma ba.

An taɓa gwada akasin haka, kuma ya kamata a sa shi cikin tarihin da ake koyarwa. A shekarun 1990 wani aikin haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Jamus kan kamun kifi a tafkin Kainji ya ga cewa tarun dala, mai ƙananan idanu, yana kwashe 'ya'yan kifi. Maimakon a dogara da jami'an da ke zaune a hedkwata, sai aka jawo sarakuna da sarakunan ruwa cikin aikin lasisi da hana amfani da tarun. Inda aka sami nasara, ta hannun waɗannan mutane aka same ta. Cibiyar binciken kifi ta ƙasa da ke Sabuwar Busa tana da rahotannin aikin.

Za a ce matsalar kuɗi ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, da yawan naɗa kantomomi a maimakon zaɓe, sun daɗe suna tauye ƙananan hukumomi a duk ƙasar nan, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa biyan su kasonsu kai tsaye, kuma shugabancin da ba na zaɓe ba ya saɓa wa Tsarin Mulki. Akwai kuma hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki ta ruwa, wadda aka yi dokarta a 2010 amma ta ɗauki kusan shekara goma kafin ta fara aiki. To amma ko kuɗin sun zo cif, shugaba da kansiloli za su kashe su ne bisa hoton da ke kansu na abin da ake kira ci gaba. Wanda aka koya wa tun yana aji huɗu cewa tarihin garinsu sunayen sarakuna ne da zuwan Bature, kogi kuwa wurin bikin Rigata ne sau ɗaya a shekara, idan ya zama kansila shagunan haya da kwalbati zai nema. Bikin Rigata abin alfahari ne, ba na ƙin sa, amma jiragen da ake yi wa ado a ranar su ne suke ɗaukar mutane sauran kwanakin shekara ba tare da kowa ya duba katakonsu ba.

Kayan aikin rubuta ɗaya rabin tarihin suna nan. Rahotannin kimanta haraji na gundumomin Yawuri, waɗanda Di'o-Di'o suka rubuta ƙauye bayan ƙauye, suna cikin fayilolin Lardin Sakkwato da na Kwantagora a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Gidan Arewa a Kaduna da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato suna da nasu tarin takardu. Abin da ba ya cikin kowace ma'adana shi ne sunayen gungayen da suka nutse da jerin dagatansu, da wuraren da ake fito, da kuɗin da ake biya, da ka'idojin da sarakunan ruwa suke bi wajen raba wuraren su da hana kamu a wasu watanni. Wanda yake da shekara 20 a lokacin da ruwa ya hau a 1968 yanzu ya doshi 80. Kowace makarantar sakandare a Yawuri da Ngaski da Shanga tana da malamin tarihi ko na Hausa, kowane ɗalibi kuma yana da kaka ko maƙwabci daga cikin waɗannan dattawa, kuma wayar da ke aljihun malamin tana ɗaukar murya.